SHARHI: Tallafi ake ba mu, ina diyya? Abin da shari'ar Pfizer ta nuna game da kotunanmu

A daren 15 ga Oktoban 2024 wata tankar mai ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, ta kama da wuta, mutum sama da 150 suka rasa rayukansu. Wata goma kafin nan, ranar 3 ga Disamban 2023, jirgin soja maras matuƙi ya saki bam kan masu taron Mauludi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a Jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga gawa 85 a lokacin, rundunar sojan ƙasa kuma ta amsa cewa jirginta ne.

Abin da ya biyo baya kowa ya haddace shi. Tawagar ta'aziyya ta iso, an kafa kwamiti, an raba kayan abinci, sanatoci sun sanar da sadaukar da naira miliyan 109 ga mutanen Tudun Biri. Ba a raina wannan ba, domin mai jinya da maraya suna bukatar abin da za su sa a baki a ranar. Sai dai duk sunansa ɗaya ne, wato tallafi, kuma tallafi kyauta ce. Mai bayarwa ne yake yanke nawa zai bayar da ranar da zai bayar, wanda aka bai wa kuma nasa godiya. Diyya haƙƙi ce da doka take ɗora wa wanda ya yi ɓarna, ko yana so ko ba ya so, kuma alƙali ne yake auna ta da girman cutar da aka yi. A Najeriya mun saba da ta farko har mun kusa manta akwai ta biyu.

Me ya sa wanda aka karya wa ƙafa, ko aka kashe masa ɗa ta hanyar sakaci, ba ya tunkarar kotu? An fi jin amsar da ke cewa mutanenmu ne suke barin komai ga ƙaddara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma amsa ce mai arha, domin tana ɗora laifi kan wanda aka cuta tana wanke tsarin da ya kamata ya share masa hawaye. Wanda ke son ganin yadda tsarin yake aiki ya dubi shari'ar neman diyyar rauni mafi girma da Arewa ta taɓa gani.

Yara 200 a Asibitin Zana

A farkon 1996 annobar sanƙarau ta mamaye Arewacin Najeriya, ta kashe mutum sama da 11,000. Ana tsakiyar wannan hali tawagar kamfanin magunguna na Pfizer ta sauka a Asibitin Zana da ke Kano, inda likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suke jinyar marasa lafiya. Tawagar ta ɗauki yara kimanin 200. Rabinsu an ba su wani sabon magani mai suna Trovan wanda ba a kai ga amincewa da shi ba, sauran kuma aka ba su ceftriaxone, maganin da aka riga aka sani. Cikin kimanin mako biyu aka gama, tawagar ta tafi. Yara 11 sun rasu, biyar daga masu shan Trovan, shida daga ɗaya rukunin. Wasu sun kurmance, wasu sun makance, wasu sun shanye.

Iyayen sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu, kuma ba wanda ya sanar da su cewa a harabar asibitin akwai magani sananne da ake bayarwa kyauta. Kamfanin ya musanta. Ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun kuma karɓi amincewarsu da baki, ya ce yana da izinin hukuma, kuma sanƙarau ne ya yi kisan da nakasar. A kan wannan matsayi ya tsaya har ƙarshe.

Maganar ta kwanta shekara huɗu, har sai da jaridar Washington Post ta tono ta a Disamban 2000. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka sa mata kwanan wata na baya. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin ƙwararru a 2001, wanda ya gano cewa gwajin ya saɓa wa doka, amma aka kulle rahoton a aljihun tebur har zuwa 2006 da jaridar ta same shi ta wallafa. A lura da wannan: muhimmiyar hujjar da iyayen suke bukata tana hannun gwamnatinsu shekara biyar ba su gan ta ba.

A 2001 aka shigar da ƙara biyu. Ɗaya a Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, wadda aka sani da shari'ar Zango, ɗaya a birnin New York, wadda aka sani da shari'ar Abdullahi. Ta Kano ba ta je ko'ina ba. An cire alƙalin farko daga kujerarsa, na biyu ya janye bisa dalilai na ƙashin kansa, aka yi ta ɗage zama har masu ƙara suka gaji suka janye, zuwa 2003 ƙarar ta mutu ba a saurari shaida ko guda a kan ainihin zargin ba.

Ta New York kuwa sai ta faɗa cikin wani rikici mai ban takaici. Lauyoyin kamfanin suka ce ai Kano ce wurin da ya dace a yi shari'ar, tunda can abin ya faru, can shaidu suke. Kotu ta yarda ta kori ƙarar a 2002. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita a 2003 domin a duba ko kotunan Najeriya za su iya yin adalci, ganin abin da ya sami shari'ar Zango. A 2005 aka sake korar ta. Wato kamfanin Amurka ne yake yabon kotunan Najeriya, 'yan Najeriya kuma suna ƙoƙarin gamsar da alƙalin Amurka cewa kotunan ƙasarsu ba abin dogaro ba ne. Sai a ranar 30 ga Janairun 2009 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara suka yanke cewa gwajin magani a jikin mutum ba da yardarsa ba ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, don haka wata tsohuwar dokar Amurka ta 1789 ta ba baƙi damar kai ƙara a kansa. Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi karɓar ƙorafin kamfanin a Yunin 2010.

Shekara tara aka kwashe ana jayayya kan ƙofar da za a shiga. Ba a taɓa zama an tambayi ko Trovan ne ya kashe wani yaro ba, kuma da an zauna ɗin da aiki ya yi wuya, domin sanƙarau shi ma yana kisa yana kurmantarwa, raba ɓarnar cuta da ɓarnar magani kuwa sai ƙwararrun likitoci masu tsada. Wannan ne ya sa hujjar rashin neman izinin iyaye ta fi yi wa masu ƙara amfani.

Abin da ya motsa kamfanin daga gida ya fito. A 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta shigar da ƙarar laifi da ta neman diyya ta sama da dala biliyan biyu, Gwamnatin Tarayya kuma ta nemi kimanin dala biliyan bakwai. A Yulin 2009 Kano ta yi sulhu da kamfanin a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga asusun waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Aka kafa kwamitin amintattu ƙarƙashin tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Abubakar Wali. Mutum sama da 500 suka fito suna cewa da su aka yi gwajin da ya ƙunshi yara 200, sai aka ce dole a yi gwajin ƙwayar halitta na DNA, wata ƙungiyar iyayen ta ƙi amincewa ta koma kotu. A Agustan 2011 aka biya iyalai huɗu na farko dala 175,000 kowanne. Yaron da aka yi gwajin yana da shekara biyar, a ranar yana da ashirin.

Lissafin ma abin dubawa ne: fiye da rabin kuɗin sulhun bai je hannun waɗanda aka yi ƙarar da sunansu ba. Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafi ba. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi, cutar kuma ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Ƙofar da iyalan Kano suka bi a Amurka yanzu ta kusa rufewa. A 2013, a shari'ar Kiobel da 'yan Ogoni suka kai kamfanin Shell, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dokar 1789 ba ta shafi abin da ya faru a wata ƙasa ba sai in yana da alaƙa mai ƙarfi da Amurka, hukunce-hukuncen da suka biyo baya kuma sun ƙara matse ta. Mutanen Neja Delta sun koma Turai. Al'ummar Bodo ta sami fam miliyan 55 a sulhun da aka yi a 2015 bayan ƙarar da ta kai Landan, wasu manoma huɗu kuma da suka shigar da ƙara a Holan a 2008 sai a Janairun 2021 suka yi nasara. Amma wannan hanya ta wanda babban kamfanin waje ya cuta ce. Wanda motar hukuma ta buge a Zariya, ko ginin makaranta ya rufta wa ɗansa, ba shi da Landan. Kotun jiharsa ce kawai.

Shingayen da ke gida

A ka'ida hanyar a buɗe take. Mai ƙara zai nuna cewa wanda yake ƙara yana da nauyin kiyaye lafiyarsa, ya yi sakaci da wannan nauyi, kuma sakacin ne ya jawo raunin. Ba a bukatar hujjar da ta kore duk wani kokwanto kamar a shari'ar laifi, ya isa hujjarsa ta rinjayi ta abokin shari'arsa. Wahalar tana cikin ƙa'idojin da ke kewaye da wannan.

Shinge mafi muni shi ne na lokaci. Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda muka gada daga Turawan mulki, ta ce duk wanda zai kai jami'in gwamnati ƙara kan abin da ya yi a bakin aikinsa sai ya shigar da ita cikin wata uku. A 1998, a shari'ar Ibrahim da hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomi da ma'aikatu. A auna wata uku da rayuwar mutane. Ɗan acaɓan da motar ma'aikata ta karya wa cinya yana iya cinye wata ukun a kwance a Asibitin Ƙashi na Dala. Matar da aka kashe wa miji takabarta wata huɗu da kwana goma ce, kafin ta fita wa'adin ya wuce da kwana arba'in. In lauyan gwamnati ya miƙe ya ce lokaci ya ƙure, alƙali ba zai ma dubi raunin ba. Akwai togaciya, kamar inda cutarwar take ci gaba ko jami'in ya yi aiki da mugun nufi, kuma ƙa'idojin 2009 na ƙarar take haƙƙin ɗan Adam sun ce wa'adi ba ya hana irin wannan ƙara. Shi ya sa lauyoyi masu wayo suke ƙoƙarin sa wa ƙarar rauni rigar take haƙƙi, ko da rigar ba ta zauna daidai ba. Wanda zai kai mutum ko kamfani ƙara yana da shekaru, gwargwadon dokar jiharsa. Gwamnati, wadda ta fi kowa lauyoyi da takardu, ita ce ta ware wa kanta wata uku.

Sai batun hujja. Kotunanmu sun raba diyya gida biyu. Akwai asarar da ake iya ƙirgawa, kamar kuɗin asibiti da kuɗin shigar da aka rasa, wadda dole a jera ta dalla-dalla a takardar ƙara a kuma tabbatar da kowane kwabo. Akwai kuma ta raɗaɗi da nakasa, wadda alƙali yake ƙiyastawa. Ƙa'idar farko an gina ta ne domin mai albashi da takardar biya. Mai tura baro a Kasuwar Singa da wace takarda zai nuna abin da yake samu a rana? Wanda aka kai wurin mai ɗori, ko aka sayo masa magani a kemis ba rasit, kuɗinsa ya tafi a idon doka. Ga rahoton 'yan sanda da na likita, ga kiran likitan ya zo ya ba da shaida, kowanne da kuɗinsa da jiransa.

Kuɗin lauya ba ƙaramin abu ba ne, amma a nan doka ta fi yadda ake zato sauƙi. Ƙa'idojin aikin lauya sun halatta yarjejeniyar da lauya zai karɓi kaso daga diyya in an yi nasara, Dokar Taimakon Shari'a ta 2011 kuma ta sa ƙarar haɗari cikin abin da hukumar taimakon shari'a za ta iya ɗauka wa marar hali. Matsalar ita ce lauya ɗan kasuwa ne. Ba zai zuba shekara takwas a shari'ar da ƙarshenta ba tabbas ba, musamman da yake wanda ake ƙara yana iya ɗaukaka ƙara kan batun hurumi tun daga Babbar Kotu har Kotun Ƙoli kafin a kira shaidar farko. Kotun Ƙolin kuwa alƙalai 21 ne iyakarta a tsarin mulki, kuma shari'un zaɓe masu wa'adi suna ture na talakawa baya. Jinkirin yana cin diyyar kanta. A 2015 dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya nemi naira miliyan biyar a wancan lokaci ya samu yau, abin da ya karɓa ba zai saya masa rabin abin da ya ƙiyasta ba.

In an haye duk wannan aka yi nasara a kan gwamnati, saura karɓar kuɗin. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce ba za a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba sai da amincewar Antoni Janar. Ma'ana, mai ƙara zai je wurin babban lauyan wanda ya kayar a kotu ya roƙe shi izinin karɓar haƙƙinsa. Mutanen Odi a Jihar Bayelsa, waɗanda sojoji suka rusa garinsu a 1999, kotu ta yanke musu naira biliyan 37.6 a 2013, suka ƙare da karɓar biliyan 15 a sulhu. A Satumban 2013 jami'an tsaro sun buɗe wuta a wani kango a unguwar Apo da ke Abuja, suka kashe mutum takwas suka raunata 11, akasarinsu 'yan Arewa masu tuƙa Keke Napep. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da umarni a 2014 a biya naira miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci da miliyan biyar ga kowane mai rauni, jimilla miliyan 135. Sai a 2018 aka biya. Waɗannan su ne labaran nasara.

Inshorar da ba a san amfaninta ba

Mafi yawan raunukan da ake ji a ƙasar nan a kan titi ake jin su, kuma a nan ne doka ta tanadi hanyar da ba sai an yi doguwar shari'a ba. Wata doka ta 1945 ce ta fara wajabta wa kowace mota ta riƙe inshorar da za ta biya wanda ta buge. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ɗaga kuɗinta ga ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya zuwa miliyan uku. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka ƙaddamar da kamen marasa ita. Muhawarar da aka yi a kafafen sada zumunta kusan duka a kan kuɗin da direba zai biya ce. Da wuya ka ji an tambayi mutum nawa kamfanonin inshora suka biya diyya a bara. Direba yana kallon takardar a matsayin abin nuna wa ɗan sanda a shingen bincike, da yawa ma ta bogi ce, wanda aka buge kuma bai san sunansa ne a bayanta ba. Abin da aka saba shi ne a zauna a ofishin 'yan sanda, mai mota ya ɗauki kuɗin jinya na makon farko, dattawa su ce a yi haƙuri, a sa hannu.

Haɗari irin na Majiya ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma ya kamata a faɗi gaskiya a kansa. Lauyan mai tanka zai ce mutanen da suka ruga ɗibar mai su suka kai kansu ga halaka, kuma doka ta yarda a rage diyyar wanda ya taimaka wajen cutar kansa. Sai dai ba duk wanda ya ƙone ne ya je ɗiba ba, kuma wannan hujja ba ta amsa tambayar lafiyar motar, da awa nawa direban ya yi yana tuƙi, da inshorar da kamfanin yake riƙe da ita. Kotu ce wurin da ake tilasta wa mai tanka ya fito da waɗannan takardu a ƙarƙashin rantsuwa. Kwamitin gwamnati roƙonsa yake yi.

Komawa ga batun ƙaddara, masu cewa neman diyya baƙon abu ne a wurinmu sun manta cewa fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan Kano da Sakkwato ya yi babi guda a kan diyyar kisan kuskure da ta gaɓoɓi, raƙuma ɗari ko dinari dubu a kan rai, kuma magada ne kaɗai suke da ikon yafewa. Dokar haɗarin da ya jawo mutuwa ta tsohuwar Jihar Arewa ma ta yi la'akari da haka, inda ta ce in mamacin Musulmi ne, masu haƙƙin cin gajiyar ƙarar su ne waɗanda suke da rabo a diyyarsa. Yafiya tana da daraja in mai ita yana da ikon karɓa ya bari. Wadda ake yi a gaban DPO, bayan an nuna wa mutum cewa kotu shekara goma ce, sunanta daban.

Gyaran da ake bukata ba ya neman a taɓa tsarin mulki. Wa'adin wata uku da sashe na 84 dokoki ne na majalisa, kuma jihohi suna da nasu kwafin dokar kare jami'ai wanda majalisar jiha za ta iya gyarawa a zama ɗaya. Manyan alƙalan jihohi suna da ikon ware alƙalai da ƙa'idoji na musamman ga ƙarar rauni, kamar yadda wasu jihohi, ciki har da Kano, suka yi wa ƙananan basussuka. Hukumar inshora kuma tana iya wajabta wa kamfanoni su riƙa wallafa adadin waɗanda suka nemi diyyar rauni da adadin waɗanda aka biya. Sanatoci 109 da suka ba Tudun Biri miliyan ɗai-ɗai suna cikin masu ƙuri'ar soke sashe na 84, kuma har yau yana nan a littafin doka.